Tsani

Rediyona ya tsufa, da tsirkiyar fata na ɗaure masa ciki,
sai an mare shi sau biyu yake magana.
Ran Laraba, rana ta take tsaka a Kasuwar Dole,
ina tura basilla cikin jar fatar akuya,
ya yi tari, ya ce:

a wata gona can gefen Ƙudus
Bafalasɗine da Ba'isra'iliya na tsinkar zaitun tare.
Shi ya binne ɗa. Ita ma ta binne ɗa.
Babu bindiga, babu ko sandar kora awaki,
bokiti ɗaya, tsani ɗaya,
in ya hau ta riƙe, in ta hau ya riƙe.
Danginsa sun ce ya sayar da jini,
nata sun ce baƙin ciki ya taɓa mata kai.
Soja ya zo ya ce su tashi.
Suka zauna.

Laminu mai shayi ya ja tsaki,
ya ce biyan su aka yi.
Ban tanka ba. Basilla ta shige mini yatsa.

Ban taɓa ganin itacen zaitun ba,
mansa kawai na sani, a ƴar kwalba, tsarabar alhazai.
Amma na san tsani.
Dosu ne ya yi mini nawa, kafinta, mutumin Kwatano,
shekara goma sha bakwai katangarmu ɗaya a Sabon Gari.
In famfo ya tuna da unguwarmu ƙarfe ukun dare
matarsa ke buga wa Barira ƙofa:
ku fito da bido, ruwa ya zo.

Juma'ar da gari ya kama wuta
na ga yaran. Na san uwayensu.
Ɗaya ma takalmin da na ɗinka ne a ƙafarsa.
Suka nufi rumfar Dosu da fetur a kwalbar lemo.
Ina laɓe bayan ƙyaure,
ido ɗaya a waje, sauran jikina duk a ciki.
Katako ba ya gardama da wuta.

Ban jefa dutse ba,
haka nake gaya wa matashin kaina kowane dare,
a garin da dutse ya fi ruwa araha.
Ban jefa ba. Ban kuma fito ba.

Da safe na tarar da shi tsugune cikin toka
yana tsintar ƙusoshi, yana miƙe su ɗai-ɗai da guduma.
Ya ce ina kwana. Na ce lahiya lau.
Tun ran nan gaisuwarmu ba ta wuce tsawon ashana ba.

Ubana da ya koya mini dukanci ya ce:
fata biyu ba sa haɗuwa sai an huda kowace.
Waɗancan na cikin rediyo duk an huda su,
zare ne kawai suka nema.
Ni kuwa fatata lumui,
ko ƙaya ba ta taɓa ta ba a ranar,
shi ya sa na rasa inda zan kama.

Na tsotse jinin yatsana, na rufe rumfa kafin la'asar.
Laminu ya ce lahiya? Na ce batir zan saya.

Matakala ta uku ta tsanina ta karye da daɗewa,
tsallake ta nake yi, kamar yadda nake tsallake ƙofarsa.
Na saɓa shi a kafaɗa. Taku tara ne tsakaninmu,
na ƙirga, sun fi hanyar Agadas nisa.

Dosu ya dubi tsanin, ya daɗe bai dube ni ba.
Gashinsa ya yi fari, ban san yaushe ba.
Ya shafa wurin karayar da babban yatsa,
ya cire fensir daga bayan kunne,
ya ce: Mutari, riƙe nan.

Na riƙe.

Ban sani ba ko sun gama tsinkar zaitun ɗin.
Rediyon bai sake komawa gonar ba,
ko na mare shi sau nawa.