Daren Asabar a Marwa

Daren Asabar, bayan lisha,
in Dudu ta kashe murhu, yara sun yi shiru,
sai in jawo tsohuwar kalandar kantin siminti,
in kife ta a gwiwa. Bayanta fari ne.
A nan nake yanka mako.

Ba na rubuta komai da komai.
Mai kamun kaji goma da hannu biyu
gashi kawai zai kai gida.
Uku nake zaɓa, in ja musu layi,
sauran su biyo baya kamar awaki.

Na farko injin ban-ruwan Hamajoda,
albasarsa ta kwana huɗu ba ta sha ba
can bakin rafi, inda yashi ya fi ruwa yawa.
Litinin in sayo fulogi, Talata in kwance cikinsa.
Na biyu kuɗin makarantar Asta, jaka bakwai,
Laraba ce iyaka, an faɗa mini sau biyu.

Alhamis na bar ta fili da gangan,
don aiki yana da ƙannen da ba sa sallama:
taya ta fashe, ko a yi rasuwa a unguwa,
ko wani ya turo janareto a amalanke
yana rantsuwa jiya lafiya lau yake.

Na uku kuwa, ga shi can ƙasa,
na gane rubutuna:
“Je Mindif, gaida Baffa Sali.”
Mako tara ina kwashe shi daga layi zuwa layi
kamar tsohuwar tabarmar da ake sauya wa ɗaki.
Shi ya fara ɗora mini sifana a tafi
ina ɗan shekara sha ɗaya,
ya ce kada in matse abin da ban gane ba.
Yanzu an ce da murya yake gane mutane.
Bai taɓa aiko kowa ba.
Mai bin bashi yana da baki,
shi kuwa tsoho sai dai ya jira.

Na ɗauko shi daga ƙasa,
na ɗora shi a kan Hamajoda:
gobe Lahadi, da asuba.

Daga cikin ɗaki Dudu ta ce,
“Biro dai ba ya tuƙa babur.”

Na tashi da tocila na leƙa tanki.
Rabi ne. Zai kai ni.
Na ɗaure sukari da ganyen shayi a leda,
na rataye a hannun babur
inda ba zan iya cewa ban gani ba.