Gawon Bayan Ɗakin Karatu

Na riga katangar nan zuwa.
Nan gonar gero ce ta wani Bawale,
yakan ɗaure jakinsa a gindina,
ya sha fura yana kallon hanyar Dutsin-ma.
Wata safiya aka zo da igiyar awo,
aka kafa turaka, aka ce kwaleji.
Ba wanda ya nemi shawarata.

Yanzu ina da maƙwabta.
Ga bedi a jere kamar 'yan layin rijista,
an shafe musu ƙafafu da farar ƙasa.
Furannin ƙofar ofishin shugaba kuwa baƙi ne,
kwana biyu ba ruwa sai su sunkuyar da kai.

Ba mu karanta allon sanarwa,
amma mun san kalandar gidan nan.
Hankaka ya san makon da kuɗin gida ke isowa,
ƙashin kaza a bolar ɗakin kwana.
Ya san ƙarshen zango ma,
garin kwaki zalla, ba abin tsinta.
Jan gwada shekara huɗu yana taga,
duk abin da malami ya faɗa sai ya gyaɗa kai,
har yau ba shi da takardar shaida.
Gara ta cinye kundin bincike ɗari a sito,
ƙiba kawai ta yi.

Famfon bayan masallaci shi ne koginmu.
Ɗigo, ɗigo.
Zuma da hantsi, kurciya da la'asar,
bushiya sai sawu ya ɗauke.
Ranar da mai gyara ya ɗaure bakinsa
an sa masa albarka,
mu kuma muka kwana da ƙishi.

Shekarar dogon yajin aiki ba ta mantuwa.
Tafasa ta ci filin ƙwallo ba alkalin wasa,
yaɗiya ta hau sandar tuta,
tsattsewa ta yi gini a kan fankar aji,
zomo ya ratsa gaban ofishin kuɗi a tsanake
kamar mai bin bashi.
Da suka dawo, da tankin feshi suka dawo.
Kwana uku, ciyawa ta yi launin toka,
kwaɗi suka daina kiran ruwa.

Wata ɗaliba, Sa'adiya, ta buga mini ƙusa
da ɗan gwangwani mai suna da ban taɓa ji ba.
Na yafe mata. Ita kaɗai ta ɗaga kai ta dube ni har sama.

Bana, tsakiyar damina,
kowa ya yi kore, ni na tuɓe kamar yadda na gada,
sai ga mutum da hular kwano da gwangwanin fenti.
Ya ce busasshe ne, ya ja mini jan layi a ƙirji,
wai nan za a yi sabon zauren lacca.
Baba Tsalha mai ban ruwa ya ajiye bokiti,
ya ce, ranka ya daɗe, gawo ne,
da damina yake barci.
Aka rubuta wani abu a takarda. Ban ga mene ne ba.

Balbelu dai suna dawowa da magariba,
suna faɗa a kan reshen jiya.
Ni kuma a ƙarƙashin ɓawo
ina haɗa ganyen kaka a ɓoye,
ko Allah zai sa ya riga zarto fitowa.