Kwalin Ashana

Ranar Juma'a, bayan la'asar,
a inuwar dalbejiyar ƙofar gidanmu a Yelwa,
na ciji kantun riɗin da Goggo Dudu ke tallarsa,
sai na ji ƙas.
Na ce tsakuwa ce, har na soma zagin mai riɗi a zuci.
Na tofo a tafin hannu,
ashe hular matauni na ce ta tuɓe,
fara a baya, cikinta rami kamar ɓawon gyaɗa.

Da ta bi yawu,
da jaka arba'in sun bi hanyar da ba a bin sawu.

Abin da ta bari a baki ɗan kututture ne,
guntun haƙori da aka feƙe tun shekarun baya,
yana tsaye tsirara.
Na ja numfashi, ya amsa.
Na kurɓi ruwan randa,
sai da na ga taurari rana na sama.
Ga likita ya kulle ƙofa sai Litinin,
ga Garwa da zafin bazara,
kwana uku sai ka ce wata.

Sa'adu mai faci ya ce miƙo ta nan,
ya zaro gam ɗin da yake liƙe tayar babur.
Na ce Sa'adu, bakina ba ya hawa kwalta.
Jikata Nenne, mai giɓi biyu a gaba,
ta ja ni gefe kamar mai sirrin fatauci:
Kaka, rufe baki,
in ƙadangare ya gani ba zai sake tsirowa ba.
Na rufe. Wa zai yi gardama da masani?

Na wanke hular da ruwan ɗumi,
na shanya ta kan farin ƙyalle,
na zazzage ashana, na shimfiɗa auduga a kwalin,
na kwantar da ita kamar jinjiri.
Ruwan gishiri safe da dare.
Kanumfari ɗaya a gefen dasashi.
Tuwo da ɓarin hagu,
kunu sai ya huce,
kifin Binuwai kuwa na kalle shi, shi ma ya kalle ni.

Daren Asabar barci ya ƙi.
Harshe ya yi ta komawa wurin,
ya taɓa, ya janye, ya sake komawa,
kamar yadda nake leƙa ɗakin Hurera
alhali na san shekara huɗu ke nan.
Ita ta biya kuɗin hular.
Kwasar adashinta ce, ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli,
wadda ta yi niyyar sayen keken ɗinki.
Ta ce na gaji da ganinka kana tauna kamar akuya mai ciwon baki.
Mun yi faɗa a kai har kwana biyu.
Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.
Ita ta ci, kamar kullum.

Litinin na hau babur, hannuna a kan aljihu,
kowane rami sai na laluba.
Dakta Ngaba ya buɗe kwalin, ya yi dariya,
shi da Faransancinsa, ni da guntun Fulatanci,
muka haɗu a tsakiya.
Ya ce ba ta fashe ba, kuma ba ka sa mata gam ba,
ka huta da sayen sabuwa.
Ya kankare tsohon siminti, ya shafa sabo,
ya ɗora, ya danna,
ya ce ciji nan, kada ka yi magana.

Na ciji audugar, na yi shiru.
Ban san dalilin da ya sa idona ya kawo ruwa ba,
ya ɗauka zafi ne, na bar shi a haka.

Yanzu ina tauna ta ko'ina.
Goggo Dudu in ta hango ni sai ta rufe tire.
Nenne ta ce ai ita ta cece ni daga ƙadangare.
Kwalin yana nan kan taga, da audugarsa,
ban mayar masa da ashanar ba.