Abin da Sihiri Ke Ci

A Valparaíso, kan tudun da gidaje ke riƙe da juna kada su zame,
Eulogia ta share teburin kicin, ta ture gishiri gefe,
ta shimfiɗa taswirar ƙasar da babu ita.
Ran Juma'a abokai huɗu za su zo wasa.
Ga duwatsu, ga koguna, ga masarautu uku da ba sa ga maciji,
amma masu sihirin duk kamarsu ɗaya:
tsoho, sanda, gemu, walƙiya.
Ta ja tsaki. Miya ɗaya a tukunya bakwai.

Ƙaninta Baltasar na ɓare lemo a bakin taga.
Bai ko ɗago ba ya ce,
"Bar tambayar me suke iyawa.
Tambayi me ake karɓa a hannunsu."

Sai alƙalami ya kama hanya.

Mutanen gaɓa ta fara yi.
Su iska suke ɗaurewa a igiya,
ƙulli ɗaya na sanyin safiya, uku na guguwa.
Ba su da littafi, karatun a yatsu yake,
uwa ta koya wa 'ya, baki a rufe.
Duk ƙullin da aka kwance
yatsa guda ya daina sanin zafi da sanyi.
Tsofaffinsu sai an ba su abinci a baki,
amma jirgi bai taɓa nutsewa a kan idonsu ba.

Na birni kuwa 'yan takarda ne.
Makaranta, jarrabawa, hula mai nuna daraja,
sai an sa hannu kafin a kira ruwan sama.
Bashi suke ci daga gobe:
wanda ya kunna wuta yau
wata safiya zai hura murhunsa ya tarar da toka.
Da rana su ce wa na gaɓa masu ƙarnin kifi,
da dare su aika yaro ya sayo musu igiya a ɓoye.
Nan ta yi dariya har shayi ya zube kan wani tsibiri,
ta zagaye tabon da jan biro, ta ce, to, fadama ce.

Can ƙasa jirgin ruwa ya yi kuka a tasha.

Na uku suka ƙi fitowa.
Ta ba su hamada, ta soke. Ta ba su kogo, ta soke.
Daga ɗakin ciki babansu ya yi kira,
"Rosalba? Rosalba, kin rufe ƙofa?"
Sunan matarsa ne, shekararta tara a ƙasa.
Eulogia ta je ta gyara masa bargo,
ta ce an rufe, Baba.
Ya yi mata irin fara'ar da ake yi wa baƙuwa mai kirki,
mutumin da ya shekara talatin yana gyaran injin
taragon da ke hawa da mutane tudun nan,
wanda ya san kowane ƙarfe da kukansa.

Ta dawo ta zauna. Ta rubuta:

Waɗannan ba su da suna, don shi suka fara biya.
Warkarwa suke yi.
Duk wanda suka tayar daga ciwo,
abu guda ya fice daga kansu,
ranar aure, hanyar gida, fuskar 'ya.
Ba a koyarwa, ba a gado,
mutum kan yi nisa a ciki kafin ya sani.
In ka ga tsoho a bakin hanya bai gane kowa ba
rusuna ka gaishe shi,
akwai garin da ke numfashi saboda shi.

Baltasar ya leƙo ta kafaɗarta ya karanta.
Ya daɗe shiru, ɓawon lemo a hannu.
"Wa zai ɗauki wannan ran Juma'a?
Ba mai son wasan da kullum asara."

Ta ce, "Ni."

Ta naɗe taswirar, ta mayar da gishiri wurinsa,
ta bar ƙofar ɗakin ciki a buɗe kaɗan
ko zai sake kira.