Motar da Ba ta Sayarwa Ba Ce

Shekara goma sha ɗaya ina wanke masa motoci
a filin nan na hanyar Dukku, bayan gidan mai.
Soso, bokiti, tsumman tsohuwar riga,
kafin rana ta leƙo Jekadafari na gama layin farko.

Alhaji Jiddum, Bashuwa daga Dikwa,
Hausarsa har ya rasu ba ta miƙe ba.
Mota "shi" ce a bakinsa, ni kuma "ke",
mu ɓuya bayan taya mu yi dariya, ya ji, ya ƙyale.

Da faranti ya shigo Gombe, in ji shi,
fulogi shida da fanbel biyu, yana bin gareji.
Motarsa ta fari Fijo ce mai taurin kai,
sai an tara majiya ƙarfi kafin ta yi tari.
Ya sayar, ya sayi biyu, ya kama hanyar Kwatano,
ya kwana a bakin iyaka sauro na cin rabonsa.
Makullin Fijon nan yana aljihunsa har ƙarshe,
ya kan shafa shi in ciniki ya yi zafi.

Kada in yi masa ƙarya don yana ƙasa.
A ciniki ƙaya ne, ba ya ragin sisi.
Ran da na fasa madubin wata Marsandi
wata biyu yana yanka albashina,
yana lissafi da ɗan guntun fensir a bayan kunne.

Amma akwai farar bas a ƙarshen layi,
kullum tankinta cike, kullum hancinta na kallon ƙofa.
Dillalai sun taya, ya ce, "Shi ba na sayarwa."
Ita ke fita ƙarfe biyun dare
in naƙuda ta tsananta a Bolari,
in maciji ya sari manomi a hanyar Kumo.
Ni ke wanke ta da asuba.
Na san warin jini, na san na haihuwa,
na san ranar da ba a kai asibiti da rai ba.

Rijiyar da ya haƙa a Herwagana ba ta da allo.
Yara na cewa ta gwamnati ce.

Shekarar da ƙodar Inna ta tsaya
likita ya ce wani ya biya, ya hana a faɗi suna.
Na yi ta addu'a ga mutumin da ban sani ba,
ina zagin Alhaji a zuci kan kuɗin madubi.

Bayan sadakar bakwai, ɗansa Hamdan ya buɗe littafi,
ya kira ni, ya ce ko na gane wannan layi:
dubu ɗari huɗu da tamanin, watan Sha'aban,
a gefe, da fensir, "kuɗin sabulun yaro."

Na fita ban ce komai ba.
Bas ɗin na nan, tsuntsaye sun ɓata gilashinta.
Na ɗebo ruwa, na fara daga rufi,
yadda ya koya mini.