Laraba a Gidan Tarihin Soja

Mu bakwai muka fito daga gidan tsofaffi na Asawase,
sanduna huɗu, keken turawa ɗaya,
maganin hawan jini a jakar Lantana.
Direban trotro ya rage kiɗa don furfurarmu.

A tsohuwar ganuwar Kumasi
yarinya mai jagora na zubo shekaru kamar hadda,
mu muna biye, gwiwa na ba da nata labarin.

Sai Baba Ɗantani ya tsaya cak
gaban wani hoto da ya koɗe:
sahun samari, gajeren wando, jar dara.
Ya ɗora yatsa kan gilashi.
"Na uku daga hagu. Babana.
Tun da ya dawo daga Bama
bai ƙara son ƙarar ruwa kan kwano ba."

An rubuta kada a taɓa.
Yarinyar ta gani, ta kau da kai.

Ni dai benci nake nema.
Da muka samu, a inuwa,
Lantana ta ɓare lemo, ta ce:
"Mu tashi kafin a rufe,
kada a ƙirga mu cikin kayan gidan."