Tulun Gjertrud

Ruwa bai ɗauke ba a Bergen tun Litinin.
Na jingine laimata a ƙofar ma'adanar takardu,
Torleif mai gadi ya ɗago kai daga jaridarsa:
"Yau ma wajen matattun naki?"
Na ce, "Su dai. Ba su gama magana ba."

Kundin wani attajiri ne, mai fataucin busasshen kifi,
ya kwana shekara ɗari uku cikin akwati,
tawadarsa ta koɗe, ta koma ruwan shayi.
Ganga kaza ta shigo, ganga kaza ta fita,
gishiri, igiya, kwalta, kyandir,
sai can ƙasan shafi na tamanin da bakwai,
da rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa:
"An yanke wa Gjertrud mai wanki sule biyu.
Ta fasa tulu."

Iyakar abin da duniya ta riƙe mata ke nan.
Ba sunan uba, ba kabari.
Sule biyu da tulu.

Shekara huɗu nake bin sawun tulun nan.
Santsin ƙanƙara ne ya kwashe ta?
Ko wani ya kira sunanta daga jirgin da aka ce ya nutse?
Ko jifa ta yi da shi, da gangan,
ta kuskure kan maigidan da kamu ɗaya?
Na rubuta duka ukun. Na yaga biyu.
Ba zan faɗi wanda na bari ba.

Wata asuba na sa takalmin katako,
na ciko tulu, na bi lungun tsofaffin rumbuna na bakin teku,
don in ji inda nauyin yake sauka.
Ashe ba a hannu ba ne, a ƙugu ne,
kuma yatsu kan mutu kafin a kai kwana ta biyu.
Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ni hoto.
'Yata Ragnfrid ta ce kada in ƙara.

A babi na huɗu na dafa mata dankali,
da zafinsa, da ɗan man shanu,
sai wani tsohon malamin tarihi ya duba ya girgiza kai:
"Dankali bai iso ƙasar nan ba tukuna, baiwar Allah."
Na kwashe kwanon daga gabanta.
Shafi uku ta yi da yunwa
kafin in samo mata kunun sha'ir da kan kifi.
Har yau ina jin nauyinta.

Mai buga littattafaina na son sarki, na son yaƙi,
ko dai gobarar da ta lashe garin.
Na ce gobara za ta zo, ya yi haƙuri,
amma sai wanki ya bushe.

Hannuwan kakata na ara mata,
masu faso, masu warin sabulun toka.
Dariyar kuma ta wata ce da na ji a motar haya,
ban ko ga fuskarta ba.
Haka nake ɗinka mutum: ƙyalle nan, ƙyalle can,
zaren kuwa ƙarya ne,
amma ina ja da shi a hankali, kada ya tsinke.

Wani dare tsoro kan kama ni.
Idan mace ce mai shiru, na cika mata baki da surutu fa?
Idan ba ta taɓa son teku ba?
Mamaci ba ya kai ƙara,
shi ya sa alhakinsa ya fi nauyi.

Jiya, wajen ƙarfe biyu, na kai aya ta ƙarshe.
Na miƙe in rage wa fitila haske,
gwiwar hannuna ta ture kofin gahawa,
ya faɗi, ya rabu uku a kan dabe.

Na tsaya ina kallonsa.
Ba wanda ya yanke mini ko sisi,
ba wanda ya rubuta.
Na durƙusa ina tsince gutsattsarin,
ruwa na ta bugun taga,
na ce, "Gjertrud, miƙo tsintsiya."